Gefen da Ba Ya Kan Wuta

A wasu murhunan gas akwai ɗan tsinken ƙarfe tsaye dab da inda harshen wuta ke fitowa. Saboda shi ne in an kunna murhun sai an danne maɓallin na 'yan daƙiƙu kafin a saki, mai gaggawa kuwa wutarsa ta mutu. Ƙarfe iri biyu ne aka haɗe bakinsu a cikin tsinken. Da bakin ya ɗau zafi sai ya haifar da ɗan lantarkin da ko ƙwan tocila ba zai kunna ba, amma ya isa ya riƙe ƙofar gas a buɗe. In miya ta tafaso ta kashe wutar, tsinken ya huce, lantarkin ya ɗauke, ƙofar ta rufe kanta. Ba batir, ba waya daga mita.

Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ya ga wannan al'amari a 1821. Ya haɗa jan ƙarfe da bismut ya yi zobe, ya ɗumama mahaɗa ɗaya, sai allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi a ganinsa maganaɗisu ne zafin ya haifar, ya kuma kafe a kan haka, alhali lantarki ne ke zagaya zoben. A 1834 Jean Peltier, wani tsohon maƙerin agogo a Faransa, ya gano ɗaya fuskar: in an tura lantarki ta cikin zoben, mahaɗa ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. Da wannan ƙananan akwatunan sanyaya ruwa da ake jonawa a mota suke aiki.

Duk wanda ya ji labarin nan sai ya ce, ashe zafi ake mayarwa lantarki, mu da muke da rana kamar ta Afrilu ai mun warke. A nan ne abin lura yake. Ka jefa na'urar gaba ɗayanta cikin tanda, ko'ina a jikinta ya ɗau zafi daidai wa daida, ba za ka sami komai ba. Ƙwayoyin lantarki gudu suke daga baki mai zafi zuwa mai sanyi, kuma ƙarfin da ake samu gwargwadon ratar da ke tsakanin bakunan biyu ne. Rata ta rufe, aiki ya tsaya, komai girman wutar.

A shekarun 1950, bisa binciken Abram Ioffe da mutanensa a Leningrad, Tarayyar Sobiyet ta ƙera fitilar kananzir mai kunna rediyo don ƙauyukan da babu lantarki. Wanda ya dubi fitilar, idonsa kan harshen wuta zai sauka. Amma abin da ya fi cika jikin na'urar shi ne fikafikan ƙarfe da suka kewaye samanta, waɗanda ba su da wani aiki sai zubar da zafi cikin iska don gefen waje ya zauna da sanyinsa. Ni dai na daɗe ina ganin haka yawancin ayyukanmu suke: mai hura wuta ke shan yabo, wanda kuwa ya hana zafin cinye ko'ina ba a ko tuna sunansa, har sai ranar da ya gaji.

Riƙe wannan ratar ta zafi da sanyi ita ce wahalar masu bincike yau shekaru da dama. Ka bar cokalin ƙarfe cikin shayi, ba a jimawa hannunsa ya ƙona ka. Muciya kuwa ta wuni cikin tukunya ka kama ta lafiya. Ƙarfe yana wuce da lantarki, amma yana wuce da zafi, sai ya rufe ratar da kansa. Itace yana tare zafi, ya tare lantarkin ma. Ana neman abin da zai buɗe wa ɗaya hanya ya rufe wa ɗayan, kuma halitta ba ta cika raba su ba.

Akwai ma'aunin da ake auna nagartar sinadari da shi, ana kiransa ZT. Haɗin bismut da teluriyam, wanda aka soma amfani da shi tun shekarun 1950, ZT ɗinsa wajen 1 ne, kuma aka daɗe ba a gota nan ba. A 1993 Mildred Dresselhaus da ɗalibinta Lyndon Hicks, a jami'ar MIT ta Amurka, suka nuna da lissafi cewa in an yi sinadari shimfiɗa-shimfiɗa siririya ƙwarai, ana iya wuce wannan iyaka. A 2014 kuma masu bincike a jami'ar Northwestern suka sami 2.6 daga haɗin seleniyam da kuza, irin kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos. Abin da ya ɗaga shi ba wani gwanintar wuce da lantarki ba ne. Zafi ne ke shan wuya ƙwarai kafin ya ratsa shi.

Duk da haka ribar kaɗan ce. Motar bincike ta Curiosity da ta sauka a duniyar Mas a 2012 tana ɗauke da fulutoniyam mai fitar da zafi wajen wat 2,000, lantarkin da ta fara samu daga ciki ta wannan hanya kuwa wajen wat 110 ne. Saura duk zafi ne, wanda ake ɗumama jikin motar da wani, sauran a zubar. Injin mai juyawa zai fi haka nesa ba kusa ba. To amma kumbunan Voyager biyu da aka harba a 1977 da irin wannan na'ura suka tafi, da wajen wat 470 kowannensu, kuma shekaru fiye da 40 bayan haka suna aiko da saƙo, ko da yake ƙarfin na raguwa da kimanin wat 4 duk shekara, har ana kashe na'urorinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ke juyawa a ciki balle ya cinye, kuma a can babu bakaniken da za a kira.