Wa Ke Ɗauke Da Alhakin Yaron Da Aka Cuta?



Daga Sandamu zuwa Daura ba wata tafiya ce mai nisa ba, yawancinmu kuma mun sha bin hanyar, ko don kasuwa, ko don asibiti, ko don gaishe da dangi. A cikin wannan gari na Daura ne, a watan Oktoba na 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida da ake kira makarantar gyaran hali, irin wanda jama'a suka fi sani da sunan gidan mari, suka fito da mutum 67, daga mai shekara 7 har zuwa mai shekara 40. Bisa ga bayanin 'yan sanda, an same su cikin mari da sarƙa, an yi ta dukansu, an kuma yi lalata da waɗansu daga cikinsu. Aka kama mai gidan da waɗansu mataimakansa. Makonni kaɗan kafin wannan, a watan Satumba, an fitar da fiye da mutum 300 daga wani gida irinsa a Rigasa ta Kaduna, 'yan kwanaki bayan na Daura kuma aka buɗe wani a cikin birnin Katsina. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda shi ma ɗan Daura ne, ya ba da umarni a bi irin waɗannan gidaje a rufe su.

Shekaru sun wuce, maganar ta lafa. Amma akwai tambaya guda da ta rage mana, ita ce kuwa muke so mu yi tunani a kanta yau. Gidan nan ba cikin daji yake ba, ya kuma daɗe yana aiki. Akwai masu kai abinci, akwai masu kai 'ya'yansu, akwai masu wucewa ta bakin ƙofa safe da yamma. Hannu kaɗan ne suka ɗaura marin. To, a kan wa alhakin ya tsaya? A kan masu hannun kaɗai, ko kuwa ya kai har ga waɗanda suka ji ƙarar sarƙa suka yi gaba?

Kada wani ya ɗauka cewa wannan cuta ce ta talakawa, ko ta wani addini, ko ta ƙasarmu kaɗai. Bari mu dubi abin da ya faru a Amurka, a Jami'ar Penn State ta jihar Pensilbaniya, wadda filin wasanta yake ɗaukar fiye da mutum 100,000. Jami'ar ta yi suna ƙwarai a wasan ƙwallo irin nasu na Amurka, a ƙarƙashin wani koci mai suna Joe Paterno, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1966 zuwa 2011, har aka kafa masa mutum-mutumi a bakin fili tun yana da rai. Mataimakinsa na shekaru masu yawa, Jerry Sandusky, ya kafa wata ƙungiyar taimakon yara marasa galihu a 1977, ta nan kuwa yake samun yaran da yake lalatawa. A 1998 wata uwa ta kai ƙara, aka yi bincike, ba a gurfanar da shi ba. A 2000 wani mai shara ya gan shi da yaro a ɗakin wanka na 'yan wasa, ya faɗa wa abokan aikinsa, amma suka yi shiru don tsoron kada a kore su. A 2001 wani ƙaramin mataimakin koci ya ga irin wannan abu, ya faɗa wa Paterno, Paterno ya faɗa wa shugaban sashen wasanni, magana ta kai har ga shugaban jami'a, Graham Spanier. Abin da suka yanke shi ne a hana Sandusky kawo yara cikin harabar jami'a. Ba wanda ya je wurin 'yan sanda, ba kuma wanda ya nemi yaron don ya san halin da yake ciki.

Sai a Nuwamba 2011 aka kama Sandusky, wato bayan shekara goma. A Yuni 2012 kotu ta same shi da laifi 45 a kan yara 10, aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60. A 2017 aka sami shugaban jami'ar da manyan jami'ai biyu da laifin jefa yara cikin haɗari, suka kuma yi zaman kurkuku na 'yan watanni. Paterno kuwa ba a taɓa gurfanar da shi ba, gama ya cika abin da doka ta nema a lokacin, wato ya sanar da na gaba da shi. Duk da haka shi da kansa ya faɗa, kafin rasuwarsa a Janairu 2012, cewa ya so a ce ya yi fiye da abin da ya yi. A daren da jami'a ta sallame shi kuma, dubban ɗalibai suka fito kan titi suna bore, har suka kifar da motar 'yan jarida, saboda fushin an taɓa kocinsu.

In mun ajiye labarin Daura kusa da na Pensilbaniya, za mu ga cewa mugunta irin wannan takan rayu ne a kan abubuwa uku. Na farko, mai yin ta yakan kasance mutum ne mai daraja, wanda aka san shi da taimakon yara, har ya zama mai zarginsa ne zai ji kunya. Na biyu, maganar yaro ba ta da nauyi, balle yaron da aka riga aka sa masa suna kangararre ko ɗan shaye-shaye, wanda in ya yi kuka sai a ce horon ne ya fara kama shi. Na uku, kowane mai gani yakan sami wanda zai miƙa wa maganar, ya wanke hannunsa, ya koma gida ya yi barci.

Yaya za mu auna alhaki a nan? Lamiri yana koya mana mudu biyu: abin da mutum ya sani, da abin da yake da ikon yi. Wanda ya aikata, nasa laifin ya fi na kowa, ba kuwa wani bayani a kan talauci ko al'ada da zai rage masa ko ƙwaya ɗaya. Bayansa sai mai iko wanda ya sani, shugaban jami'a, ko shugaban makaranta, ko mai unguwa, ko jami'in gwamnati, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya tsayar da abin, amma ya zaɓi ya tsare sunan gida. Sa'an nan mai gani wanda ba shi da iko, kamar mai sharar nan. Muna tausaya masa, gama abincin iyalinsa yake tsoron rasawa, amma tsoro yana rage alhaki ne kawai, ba ya share shi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu gidan mari kuwa, da yawansu sun kai su ne cikin ɗacin rai, bayan sun gaji da sata da shan ƙwaya, ba su kuma da kuɗin asibiti. Ba za mu jera su da mai bulala ba. Amma uban da ya je ziyara ya ga tabon mari a ƙafar ɗansa, ya ce a ƙara masa, ya riga ya sani.

Akwai kuskure biyu da ya kamata mu guje wa. Ɗaya shi ne a ɗora kome a kan mutum guda, a ɗaure shi, kowa ya huta, alhali ƙofar da ya bi ta shiga tana nan a buɗe. Ɗayan kuma shi ne a ce ai dukanmu muna da laifi, a yi tagumi, a tashi. Laifin da aka raba wa gari duka ba mai biyansa. Dole a kira kowa da sunansa, a tambaye shi abin da ya sani, da ranar da ya sani, da abin da ya yi a kai.

Hausawa sukan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba mu da bakin yin wannan magana sai mun fara da gidanmu. A 2002 aka tona yadda hukumomin Ikilisiya a Boston suka riƙa ɗauke firistoci masu lalata da yara daga wannan fari zuwa wancan, a maimakon su miƙa su ga hukuma, har Kadinal Bernard Law ya sauka daga kujerarsa a Disamba na wannan shekara. A 2018 kuma, a jihar Pensilbaniya ɗin nan dai, wani rahoton bincike na shari'a ya bayyana firistoci fiye da 300 a diyosis shida, waɗanda aka zarga da cutar yara fiye da 1,000 cikin wajen shekara 70. Dalilin da aka riƙa bayarwa shi ne kada a jawo wa Ikilisiya abin kunya, wanda bai bambanta da dalilin shugabannin jami'ar nan ba. Wannan ne ya sa marigayi Paparoma Francis ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Roma a Fabrairu 2019, a Mayu kuma ya kafa doka wadda ta wajabta wa firistoci da masu alkawarin zuhudu su kai rahoton irin wannan laifi ga hukumar Ikilisiya, ta umarci kowane diyosis ya tanadi hanyar karɓar ƙara, ta kuma sa rufa-rufa kanta cikin laifofin da za a bincika, ko bishop ne ya yi ta. Masu karanta Littafin Sama'ila na Farko za su tuna da Eli firist, wanda ya ji labarin abin da 'ya'yansa suke yi a wurin sujada, ya tsauta musu da baki, amma ya bar su a kan aikinsu. Hukuncin da ya zo bai tsallake shi ba.

Wani zai ce, to ina rufin asiri? Ashe, ba a koya mana mu rufa wa ɗan'uwa asiri ba? Gaskiya ne, rufin asiri hali ne mai kyau, da shi ake zaman tare. Amma sai mu tambayi kanmu, asirin wa ake rufawa, wa kuma yake biyan kuɗin mayafin? Wanda ya cancanci a rufa masa asiri shi ne yaron: kada a yi ta yawo da sunansa a bakin rijiya da kasuwa, kada a ɓata wa yarinya aurenta na gaba. Amma in shirunmu ya bar mai laifi kusa da waɗansu yara, mun ba shi lokaci ne ya sami na gaba. Bayan 2001 Sandusky ya ci gaba da cutar yara.

Wani kuma zai ce, in ƙarya aka yi wa mutum fa? Wannan tsoro ne na gaskiya, gama ƙazafi zunubi ne mai nauyi, yakan kuma kashe mutum yana tafiya da ƙafarsa. Amma maganin ƙazafi shi ne bincike na adalci a hannun waɗanda aikinsu ke nan. Mai kai rahoto ba alƙali ba ne, ya faɗi abin da ya gani ko ya ji, kada ya ƙara gishiri. Wanda ya danne magana kuwa, shi ne ya mai da kansa alƙali, ya yanke hukunci shi kaɗai cewa yaron maƙaryaci ne. Game da gafara kuma, mun sani ƙofar tuba ba ta rufe ga kowa, amma tuban gaskiya yana tafiya da gyaran ɓarna da karɓar hukunci. Ba kuma daidai ba ne a matsa wa yaro ya yafe domin manya su sami sauƙi.

Akwai tambaya ta ƙarshe mai wuya. In an hukunta hukuma gaba ɗaya, marasa laifi ma sukan sha. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta ci Penn State tarar dala miliyan 60 a 2012, ta hana ta shiga manyan wasannin ƙarshen kaka, ta soke wa Paterno nasarori 111, ko da yake ta mayar da su a 2015. Matasan 'yan wasa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ma suka ɗanɗana. Haka nan da aka rufe gidajen mari, uwar da ɗanta yake shan ƙwaya ba ta daina kuka ba, ta rasa wurin kai shi ne kawai. Mu dai muna ganin hukunta hukuma daidai ne, domin sunan da aka tsare da shirun, hukumar ce ta ci amfaninsa. Amma alhaki bai ƙare da sa kwaɗo a ƙofa ba. Gwamnati da jama'ar addini duka biyu suna da bashin samar da wuraren jinya na ƙwarai, waɗanda ake iya shiga a duba a kowane lokaci. Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, amma doka ba ta da ƙafar zuwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, sai mutum ya ɗauke ta ya kai.

Diyosis namu na Katsina sabo ne, a 2023 aka kafa shi, tun ran gini kuwa tun ran zane. Saboda haka muna roƙonku: kada a bar babba shi kaɗai da yaro a ɗaki rufe, ko katikis ne, ko malamin makaranta, ko mai koyar da mawaƙa, ko mai horar da 'yan ƙwallo, ko Fada da kansa. Iyaye, in ɗanku yana makarantar kwana ko gidan wani, ku riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, ku ja shi gefe ku yi magana da shi. In yaro ya fara ƙin zuwa wurin da dā yake so, ku tambaye shi a hankali, kada ku fara da bulala. In ya faɗa muku abu, ku kai shi asibiti, ku sanar da 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a, ku kuma sanar da ofishin Bishop in abin ya shafi ma'aikacin Ikilisiya. Bayan kun kai rahoto, ku koma ku tambaya me aka yi, ku sake komawa. Zumuntar Mata, ku ne kuka fi kowa jin abin da ke faruwa cikin gidaje, muna dogara gare ku ƙwarai. Ɗan maƙwabcinmu Musulmi kuma yana da haƙƙi a kanmu daidai da namu.

A farkon kowace Misa muna furta zunubanmu, har da alherin da ya wajaba mu yi amma muka bari. Ran Lahadi mai zuwa, in mun zo wannan wuri, bari kowannenmu ya ɗan dakata ya tuna ko akwai wani yaro da ya taɓa ƙoƙarin gaya masa magana ya kore shi. In akwai, a neme shi cikin makon nan.

Allah ya warkar da waɗanda aka cuta, ya ba mu ƙarfin zuciya mu tsaya musu. Amin.