Shirun Bebiya

Malaman fiƙihu sun koya mana cewa idan aka nemi izinin budurwa kan aure ta yi shiru, shirun nan yarda ne, don kunya ce ta rufe mata baki. To, yarinyar da ba ta ji, ba ta magana fa? Nata shirun na kullum ne.

Mun san yadda ake yi a gidajenmu. Manya su gama magana a zaure, a yanka sadaki, a sa rana, ita kuwa sai dai ta ga akwatunan lefe. Har mukan ce an rufa mata asiri, wai wa zai ɗauke ta in ba wannan ba. Mun mai da aurenta sadaka ke nan, mai karɓar sadaka kuwa ba a ba shi zaɓi.

Alhali tana da harshe. Maganar hannu ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma malaman nan sun yarda da ishara a wajen ƙulla aure. Mu ne ba mu iya ba. In ma an tambaye ta, mai fassarar yawanci yayarta ce ko gwaggonta, wadda ta ƙosa a yi auren a huta.