Haƙƙin Mai Jiran Rabo

A ƙasarmu ta gabashin Sakkwato, daga Dinawa zuwa Rabah har Goronyo, ba a daɗewa da kai amarya ɗakinta sai dangi su fara lissafi. Idan shekara ta zagayo, a riƙa duban cikinta kafin a dubi fuskarta. Idan aka kai shekara uku shiru, gaisuwa ma sai ta sake launi: “Har yanzu dai, ’yar nan?” Daga nan ta shiga sahun waɗanda ake yi wa addu’a a gaban idonsu, a kira su juya a bayan idonsu. Tambayar da nake son tattaunawa ita ce: wane haƙƙi wannan mace take da shi a kanmu tsawon lokacin da take neman magani, alhali babu wanda ya san ko za a dace?

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci kan fara bincike idan ma’aurata sun shekara tare ba tare da ciki ba. A wajen mace, toshewar hanyoyin ƙwai sanadiyyar ciwon da ba a yi maganinsa ba, musamman bayan ɓari ko haihuwa, na cikin manyan dalilai a nahiyarmu. Sai dai a kusan rabin ma’auratan da ke fama, akwai hannun matsalar namiji. Gwajinsa kuwa ba ya wuce kai maniyyi ɗakin awo, yayin da ita sai an ɗebi jininta, an yi mata hoton mahaifa mai zafi. Duk da haka, a gidajenmu ita kaɗai ake turawa.

Hanyar kuma doguwa ce. Takan fara da rubutun sha da sassaƙen ungozoma, ta biya asibitin ƙaramar hukuma, sannan a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ƙalilan masu hali kan wuce manyan birane irin su Abuja don dashen ciki, dabarar da aka fara cin nasararta a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978. A nan sai an yi mata allura kullum har kwana goma ko fiye, a ciro ƙwayayenta, a haɗa da maniyyin mijinta, a mayar mahaifa bayan kwana uku zuwa biyar, sannan ta yi zaman jiran kusan mako biyu. Kuɗin na kai miliyoyin naira, abin da zai cinye albasa da tafarnuwar damina da rani na manomin fadamar Rima. Bayan duk wannan, mafi yawan masu gwadawa ba sa dacewa a karon farko.

Masu kyakkyawar niyya a cikinmu suna da hujjar da suke kafawa wajen kyautata mata. Sukan ce a lallashe ta domin damuwa ce ke hana ciki zama; da zarar ta kwantar da hankalinta, rabo zai zo. Ina ganin wannan magana, duk da taushinta, akwai ƙaya a cikinta. A shekarar 2011 wata masaniya a Jami’ar Cardiff, Jacky Boivin, tare da abokan aikinta, sun tattara bincike 14 da suka shafi mata 3,583 masu neman haihuwa ta hanyar asibiti. Sun gano cewa damuwar da mace ke ciki kafin a fara aikin ba ta rage mata damar samun ciki. Ke nan wanda ya ce mata “ki daina tunani za ki samu” ya ɗora mata laifi na biyu a kan na farko: da ana cewa jikinta ne ya gaza, yanzu kuma an ce zuciyarta ce.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Idan dalilin kyautatawa shi ne a samu ɗa, to ranar da likita ya ce ba a dace ba, dalilin ya faɗi. Mace ta zama tamkar gonar da ake yi wa ban ruwa saboda amfaninta, wadda za a bari ta bushe in ta ƙi bayarwa. Matsayina shi ne, tausayi da rakiya haƙƙinta ne saboda mutum ce da ke cikin wahala, ko ta haihu ko ba ta haihu ba. Gaskiya ne cewa gajiyar zuciya na cikin abubuwan da ke sa ma’aurata yanke magani a tsakiya, don haka tallafi na taimaka musu su jure. Amma wannan riba ce ta gefe, bai kamata a mai da ita tushe ba.

Addinin da muke bi ya riga ya share wannan fage. Suratus Shura ta nuna cewa ba da ’ya’ya mata, ba da maza, da barin wani ba haihuwa, duk hukuncin Allah ne, ba a ambaci ɗayansu a matsayin laifin bawa ba. Uwar Muminai Nana A’isha ba ta haihu ba. Da ta nuna damuwa cewa sauran mata na da alkunya ita ba ta da, sai Manzon Allah (SAW) ya ba ta alkunyar Ummu Abdullahi, da sunan ɗan ’yar’uwarta, Abdullahi ɗan Zubairu. Ya lura da wani ƙaramin gurbi a zuciyar matarsa, ya cike shi da abin da ke hannunsa. A ganina wannan shi ne ma’auni ga kowane maigida.

Wani zai ce ai haƙuri da tawakkali sun isa, yawan kuka nuna rashin yarda da ƙaddara ne. Wani kuma zai ce namiji na da damar ƙara aure, dangi ma na da haƙƙin ganin zuriya. Ban musanta falalar haƙuri ba, ban kuma haramta abin da shari’a ta halatta ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke amfani da kalmar “haƙuri” don rufe bakin mai ciwo, mu huta da sauraronta. Tawakkali bai hana neman magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a nan Wurno a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, kuma tun 1980 malaman Azhar suka halatta dashen ciki matuƙar tsakanin miji da matarsa ne. Ƙarin aure kuwa, idan aka mai da shi bulalar tsoratarwa ana tsaka da magani, ya fita daga adalci. Sau nawa aka yi wa mace kishiya, ita ma ta shekara biyar shiru, sannan aka gane inda gizo ke saƙar?

Saboda haka haƙƙin nan yana da masu biyansa. Maigida ya fara kai kansa awo, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ya zauna kusa da ita ranar karɓar sakamako. Uwar miji ta bar tambayar wata-wata, kada kuma ta tilasta mata zuwa kowane taron suna in zuciyarta ba ta ɗauka. Likita ya faɗa musu gaskiyar yiwuwar nasara da harshen da suke ji kafin su sayar da gona, ya kuma tsare sirrinsu. Matan unguwa kuma suna da abin koyi a tarihinsu: Nana Asma’u ta riƙa tura jajoji ƙauyuka suna koyar da ’yan taru a cikin gidajensu. Al’ummar da ta iya kai ilimi har ɗakin mace ba za ta kasa kai mata mai sauraro ba.

Akwai haƙƙi na ƙarshe da ba mu cika ambata ba, wato haƙƙin tsayawa. Idan jikinta ya gaji da allura, aljihu ya ƙare, ta ce ya isa haka, kada a ce ta yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ta iya ɗaukar riƙo, kamar yadda iyayenmu suka saba, ta iya zama haka nan da mutuncinta. Bahaushe ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma rabon ɗa ba ya hannun kowa daga cikinmu. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za ta kwana a gidanmu daren da aka ce mata ba a dace ba, kuma a kan wannan za a tambaye mu.