Tukunyar Zinariya a Kufai: Ko Ya Kamata Mai Bi Ya Neme Ta?

Abin karantawa: Matta 13:44-46, Joshua 7:19-26, Misalai 2:1-5.

Da wuya a sami garin da ba shi da labarin tukunyar dukiya. Wasu su ce tana gindin tsohuwar kuka, wasu su ce tana kufan da kakanni suka bari, aljani kuwa yana gadinta. Mun san wani ɗan'uwa a cikin ekklesiya wanda ya sayar da shanun nomansa biyu, ya kai wa boka kuɗin domin a nuna masa wurin. Damina ta wuce shi yana haƙa, gonarsa ta cika da ciyawa. Saboda irinsa mu ke so mu duba tambaya biyu. Ko akwai gaskiya cikin labarun nan? In kuwa akwai, ko ya kamata mu tashi nema?

Lalle mutanen dā suna binne dukiya

Ba za mu ce dukan labarun ƙarya ne ba. A zamanin da babu banki, ƙasa ita ce ma'ajin kowa. In yaƙi ya taso, mutum ya kan zuba azurfarsa cikin tukunya ya binne. In an kashe shi ko an kama shi bawa, asirin ya tafi tare da shi. A cikin Irmiya 41:8 mun ga mutum goma sun fanshi ransu da alkama, da sha'ir, da mai, da zuma da suka ɓoye cikin saura. Bawan nan na Matta 25 ya tona rami ya ɓoye kuɗin ubangijinsa. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ba da labari cewa bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 70 Romawa sun tono zinariya da azurfa da masu gari suka binne.

Har wa yau a kan tarar da irin wannan. A 1928 masu haƙar kuza a Nok suka ci karo da siffofin yumɓu na mutanen dā. A Igbo-Ukwu wani mutum yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa sai ga kayan tagulla na ban mamaki, masana kuma suka tona wurin sosai a 1959. A 1992, a ƙauyen Hoxne na ƙasar Ingila, wani dattijo yana neman gudumar abokinsa manomi da ta ɓata cikin gona, sai ya sami tsabar kuɗin Romawa kusan 15,000. Ya sanar da hukuma, aka biya fam 1,750,000, suka raba da manomin.

Ku lura da abu ɗaya. Dukansu suna cikin aikinsu ne, ba wanda ya fita domin ya ji labarin taska.

Waɗanda suka bi labari

Yanzu bari mu dubi waɗanda suka tashi da niyya. A 1952 aka sami wani naɗaɗɗen littafi na jan ƙarfe cikin kogo kusa da Tekun Gishiri. Da aka yanka shi aka buɗe a Manchester, a 1955 da 1956, sai aka ga ya lissafta wurare fiye da 60 inda aka ɓoye zinariya da azurfa, har da yawan kamun da za a haƙa. Wannan ya fi jita-jita ƙarfi nesa, gama rubutu ne na zamanin dā. Duk da haka masani John Allegro, wanda ya bi sawun wuraren, ya komo hannu wofi, har yau kuma ba a sami dukiyar ba.

A tsibirin Oak na ƙasar Kanada an fi shekara 200 ana haƙa rami saboda labarin dukiyar 'yan fashin teku. Ruwa ya kan cika ramin, a sake tona wani. Mutum 6 sun mutu a wurin, 4 daga cikinsu rana ɗaya a 1965. Taskar kuwa ba wanda ya gan ta.

Me ya sa labari irin wannan ba ya mutuwa? Domin ba shi da ƙarshen da za a kama shi da ƙarya. In ba a samu ba, sai a ce ramin bai yi zurfi ba, ko aljanin ya kawar da tukunyar, ko baƙin bunsurun da aka yanka yana da tabon fari. Kowace hasara ta kan zama dalilin ƙara kashe kuɗi. Sai mu tambayi kanmu: wanda ya san inda tukunyar zinariya ta ke, don me ya ke bukatar kuɗin bunsurunmu?

Abin da neman ya ke ci

Da farko yana cin gona da abincin yara. Misalai 28:19 ya gwada mai noman ƙasarsa da mai bin abin banza, ya ce ɗaya zai ƙoshi da abinci, ɗaya da talauci. Na biyu, yana kai mutum ƙofar boka da mai duba, abin da Kubawar Shari'a 18 ta hana sarai. Na uku, yana sa mu taɓa abin da ba namu ba. A shekarun 1990 aka tone wurare da yawa na ƙasar Nok, aka sayar da siffofin waje a ɓoye. Masu haƙa suka sami kaɗan, gadon jama'a duka ya salwanta. Dokar Nijeriya ta hana wannan, wanda kuma ya tsinci kayan tarihi wajibi ne ya sanar da hukumar gidajen tarihi. Achan ya binne shekel 200 na azurfa da sandar zinariya cikin alfarwarsa, bai ci ko anini daga ciki ba, ya jawo wa gidansa hallaka. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Misalin Ubangijinmu

Wani zai ce, ai Yesu da kansa ya yabi mutumin da ya sami taska cikin gona. Mu da mu ke aikin juya Littafi mun daɗe muna duban ayan nan, ba mu kuwa ga inda aka ce mutumin ya fita nema ba. Tarar da ita ya yi. Ya gan ta da idonsa kafin ya sayar da abin da ya ke da shi, ya kuma sayi gonar da kuɗinsa. Attajirin lu'ulu'u ya yi nema, amma cikin sana'ar da ya sani, ya kuma riƙe abin a hannu kafin ya biya. Ɗan'uwanmu mai shanu ya sayar da abin da ya ke gani domin abin da ya ji kawai.

Ubangiji ya ɗauki marmarin nan da ke cikin zuciyar kowa ya juya shi zuwa Mulkin Sama. Misalai 2 ma haka ya yi, ya ce mu nemi hikima da irin naciyar mai tonon taska. Dukiyar ƙasa kuwa, ko an same ta, ba ta da tabbas. Kakan da ya binne tukunyar wuri ya ɗauka ya bar wa jikoki arziki, yau ba ta sayen mudun dawa.

Amsarmu ke nan. Binnanniyar dukiya akwai ta, amma labarinta ba abin bi ba ne. In Allah ya sa garmarka ta bugi tukunya, ka faɗi gaskiya ga mai gona da hukuma. In bai sa ba, ka ci gaba da huɗa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane bambanci ke tsakanin mutumin Matta 13:44 da Achan, tun da shi ke dukansu biyu sun ɓoye abin da suka samu?
2. Waɗanne alkawaran arzikin dare ɗaya ne su ke kama da tukunyar kufai a garinku?
3. Ƙaƙa ekklesiya za ta taimaki ɗan'uwan da ya yi hasara ta wannan hanya, ba tare da kunyata shi ba?