Alƙawari Biyu a Bakin Maƙera

A garinmu Dawakin Tofa, wanda zai sayi tukunya ba ya dogara da rantsuwar mai ita. Ɗaga ta zai yi, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kasa kunne. In ta amsa da murya garau ya biya, in ta yi gwaf ya ajiye ya ɗauki wata, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Haka a Dawanau, mai sayen hatsi sai ya soke buhu ya ga ƙwaya a tafin hannunsa kafin a yi maganar kuɗi. Mun tashi cikin ciniki na gani da ido, shi ya sa muke yi wa cinikin biri a sama kallon wauta. Amma akwai wani ciniki da kowa yake yi ba tare da ya kira shi wauta ba: ka je wurin mai sana'a ka ba shi kuɗi a kan abin da bai wanzu ba tukuna. Ban taɓa tsayawa na auna nauyin wannan ba sai da na ba da aikin kakaki.

Ina koyar da Hausa a wata sakandare, kuma ɗalibaina sun shirya wasan kwaikwayo a kan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da aka soma a zamaninsa, tare da figini da Kasuwar Kurmi. Yaran suka ce Rumfa ba zai fito ba kakaki, ni ma na ga gaskiyarsu. Aro bai yiwu ba, domin kakaki kayan fada ne, ba a miƙa shi ga 'yan makaranta kamar tabarma. Iyaye suka yi karo-karo, na ɗora nawa, na nufi birni wurin wani tsohon maƙerin fari da aka kwatanta mini a wani lungu kusa da Kurmi.

Bayan gaisuwa na faɗi buƙatata. Bai ɗago daga aikin da yake yi ba ya ce, "Malam, wa za a busa wa?" Na yi masa bayanin wasan. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce to ai sarki ne ko a wasa, zai yi. Na nemi ya gajarta shi don yaro ya iya riƙewa, ya ce in an gajarta ya zama wani abu dabam. Sai dai ya yi shi gaɓa biyu yadda aka saba, a haɗa lokacin busa, a raba lokacin ajiya. Da muka zo maganar rana ya ce shi ba ya sa wa kakaki rana. Na matsa, na ce wasanmu saura mako huɗu, ina so a mako uku. Ya ce, "To, Allah Ya kai mu." Na ƙirga masa rabin kuɗin kafin alƙalami na tafi da farin ciki.

Allah Ya kai mu, amma ban samu kakaki ba. Na je a mako na uku aka ce bai fito ba. Na koma ana jibi wasa na tarar da shi zaune, gaɓoɓin tagulla a gefensa an ɓare su. Ya ce ya gama shi tun kwana biyar, ya kai wa wani mabushi ya gwada, murya ta ƙi fita yadda ya kamata. Iska tana zurarewa ta wani liƙi, kuma wuyan ya ɗan yi faɗi. Sai ya narke dalmar ya warware aikin. Na ce, "Baba, ai da ka bar mini shi haka nan, wasa ne kawai." Ya dube ni ya ce, "Kakaki ka ce in yi maka."

Ranar wasa Rumfa ya fito da bututun kwali da aka naɗe da takardar ado. Mutane sun yi dariya a inda ba a shirya dariya ba. Wani uba ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ko kuɗin kakakin suna nan lafiya.

Na daɗe ina ɗaukar abin da tsohon nan ya yi mini a matsayin saɓa alƙawari, irin na telan da ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfin kekensa, daren Sallah ya kulle shago ya kashe waya. Daga baya na ga kwatancen bai zauna ba. Tela ya tara aiki ne don kwaɗayin kuɗi, ya san tun farko wasu ba za su samu ba. Shi kuwa maƙerin ya gama aikinsa a kan kari, da hannunsa ya rushe shi, ya yi hasarar dalma da gawayi da kwanaki, bai kuma nemi in ƙara masa ko kwabo ba. Ashe alƙawari biyu ne a tsakaninmu, na rana da na abin da za a ƙera, suka yi karo, ya zaɓi ɗaya. Tambayar da ta dame ni ita ce ko yana da ikon yin wannan zaɓi shi kaɗai.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan ciniki ba hukunci. Asali an hana sayar da abin da babu saboda garari, amma an yi rangwame ga salam, wato a biya yanzu a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san siffa, a san awo, a san ajali. Hanafiyya sun ware aikin da ake ba mai sana'a da sunansa na kansa, istisna'i, Malikiyya kuwa galibi suna auna shi da ma'aunin salam. Kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an ƙera masa zobe, an kuma sassaƙa masa mumbari. To a wannan ma'auni ajali ba ado ba ne, yana cikin jikin ciniki, kuma hujja tana wajena. Sai dai siffa ma tana cikin jikin ciniki, kuma a nan ne ƙafata ta soma rawa. Na faɗi tsawo, na faɗi ƙarfe, na faɗi gaɓa biyu. Murya fa? Da wane mudu zan auna ta in rubuta? Kakaki ba shi da hudar yatsu kamar algaita. Leɓen mabushi ne da tsawon bututu da faɗinsa suke haifar da 'yan muryoyin nan da ake jiyowa daga nesa ranar Hawan Daushe a san Sarki ya taho. Abin da ya sa kakaki ya zama kakaki shi ne daidai abin da na kasa ambata a ciniki, na bar shi a hannun maƙeri ba tare da na lura na bar shi ba.

Ni ban iya busa ba, ɗalibaina ma haka. Da ya miƙo mini shi ranar nan yana ƙyalli, da na yi godiya na cika kuɗi, kuma in yaro ya hura ya ji gwaf sai mu ce yaron ne bai iya ba. Ba ranar da asirinsa zai tonu. A ganina a irin wannan gurbi ne ake gane amana, inda ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, kuma wanda ya sani ya tabbata ba za a kama shi ba. Mai tukunya tana da yatsan mai saye a kanta. Shi ba kowa a kansa sai Allah da kunnensa.

A Turai ma babban ƙahon nan na badujala da ake kira tuba, wanda ke ɗaukar murya mafi kauri a cikin 'yan busa, mutum biyu ne suka yi rajistar ƙirƙirarsa a ƙasar Prussia a 1835: Wilhelm Wieprecht, shugaban makaɗan soja, da Johann Gottfried Moritz, maƙerin kayan busa. Ɗaya ya san muryar da yake nema, ɗaya ya san yadda ƙarfe zai ba da ita. Na kan tuna su in ji kunya, domin ni na je maƙera ba da kunne ba, da kalanda na je.

Duk da haka ban wanke tsohon tas ba, kuma ba na jin ya kamata in wanke shi. Kwana biyar yana sane aikin ya ɓaci, ga lambata a wurin yaronsa, bai aiko ba. Da ya kira ni ya ce ga halin da ake ciki, da na zaɓa: ko in karɓi beben kakaki aro don ranar wasa in dawo da shi a gyara, ko in nemi wata dabara tun da sauran lokaci. Gudun ha'inci ya hana shi miƙo mini abu mara kyau, wannan nasa ne kuma na yaba. Amma kunyar ya ce "na kuskure" ta hana shi magana, ni da yara talatin muka biya kuɗin wannan kunya. Har ina zargin akwai 'yar kare suna a ciki: ya fi son a ce ya makara da a ce kakakinsa ya ƙi magana a bainar jama'a. Wannan shirun ciwonmu ne gaba ɗaya, daga magini har makanike, mun gwammace mu ɓuya da mu kai labari mara daɗi.

Ni ma kuma da nawa. Mutumin ya gaya mini ƙarara ba ya sa wa kakaki rana. Ni na matsa masa har ya ce "to", alhali duk Bahaushe ya san akwai "to" na yarda, akwai "to" na a rabu lafiya. Na ji wanda nake so in ji, na kwasa na kai wa iyayen yara a matsayin alƙawari.

Bayan wasa da mako biyu yaronsa ya kira ni. Na tarar da mabushin da ya gwada na farko yana zaune a maƙerar. Aka haɗa gaɓoɓin, ya fita tsakar lungu ya ɗaga shi sama ya kumbura kumatu. Mata suka leƙo ta ƙofofi, wani mai tura ruwa ya tsaya cak yana waige-waige. Tsohon bai ce komai ba, ya miƙo mini hannu na ƙirga masa sauran kuɗinsa. Na so in yi masa maganar kwana biyar ɗin nan, na buɗe baki, sai na ga mutane sun taru, na ce masa Allah Ya ƙara basira. Ya ce amin, ya naɗe mini gaɓoɓin a tsohon buhu, na saɓa a kafaɗa na nufi tashar motar Dawanau.