Na Cikin Rami da Igiyar Sama: Tunani a kan Dogaro da Ceto

Wata rana a ɗakin malamai, muna jiran a buga ƙararrawa, wani abokin aikina mai koyar da falsafa ya dube ni ya ce: "Malam, ku mabiya Almasihu kuna cewa mutum ba ya iya fid da kansa daga zunubi, sai dai a fid da shi. To, ina darajar ɗan Adam ke nan? Ina amfanin tarbiyyar da muke fama da ita a cikin aji?" Ban ba shi amsa mai gamsarwa ba a ranar. Amma tambayar ta cancanci a zauna mata, domin ta shafi kowane mai tarbiyya, ko wane addini yake bi: shin wanda ya dogara ga wani don ya tsira, ya zubar da mutuncinsa ne? Zan bi ta kan wani hatsarin wurin aiki da duniya ta shaida.

Ranar 5 ga watan Agusta na 2010, dutse ya rufta a mahaƙar tagulla da zinariya ta San Hose, kusa da garin Kopiyapo a hamadar Atakama ta ƙasar Shili. Ma'aikata 33 suka maƙale a zurfin mita kusan 700. Abin da suka fara yi shi ne abin da kowane mai rai zai yi: neman mafita da ƙarfinsu. Suka nufi ramin shan iska, sai suka tarar tsanin da ya kamata ya kai su sama bai cika ba. Bayan kwana biyu wani dutsen ya sake ruftawa, ya toshe wannan hanyar. Suka koma ɗakin mafaka, inda guzurin da aka ajiye bai wuce na kwana biyu ko uku ba. Shugaban aikinsu, Luis Urzua, ya tsara rabo: cokali biyu na kifin gwangwani da ɗan kurɓin madara ga kowa, sau ɗaya a kwana biyu. Haka suka yi kwana 17, suna jin ƙarar injin haƙa tana matsowa, wani lokaci ta kauce ta wuce. Ranar 22 ga Agusta bakin injin ya huda inda suke, suka ɗaura masa ƴar takarda da jan rubutu cewa su 33 suna nan lafiya. Sai ranar 13 ga Oktoba, bayan kwana 69, aka jawo su ɗaya bayan ɗaya a cikin wani kejin ƙarfe mai faɗin santimita 54 kacal.

Abu na farko da wannan labari ke nunawa shi ne, akwai halin da ƙoƙari ba ya isa. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne. Ƙwararru ne da suka san dutse kamar yadda manomi ya san gonarsa. Duk da haka, ƙwarewarsu ba ta iya huda mita 700 daga ƙasa ba. Haka koyarwar Kirista take kallon zunubi. A wurinta, zunubi ya wuce jerin laifuffukan da mutum ke aikatawa jifa-jifa. Hali ne da ya danne zuciya har mutum ya san daidai, ya so daidai, amma ya wayi gari ya aikata akasinsa. Manzo Bulus ya bayyana wannan damuwa game da kansa a sura ta 7 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Kowane malami ya san ɗalibin da ya rantse ya bar satar amsa, ya kuma koma. In mun yi wa kanmu adalci, mun san irin wannan rantsuwa a bakinmu ma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: matakin farko na tsira shi ne mutum ya yarda cewa tsaninsa bai kai ba.

Abu na biyu ya shafi dogaron kansa. Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wannan kamun firgita ne, kuma mai suka yana da gaskiya idan ya ce wasu masu addini haka suke kamawa. Sai dai dogaron mutanen San Hose yana da dalili. Kafin a ce su shiga keji, na sama sun neme su kwana 17, sun aiko musu da abinci da magani da wasiƙun iyali ta ƙaramar huda, sun yi magana da su. Daga ƙarshe kuma, kafin ko ɗaya ya hau, wani ma'aikacin ceto mai suna Manuel Gonzalez ya shiga kejin ya sauka wurinsu. Ya shaƙi zafin da suke shaƙa, kuma shi ne na ƙarshe da ya bar ramin. A nan ne zuciyar bangaskiyar Kirista take. Ga mai bin Almasihu, Allah bai tsaya ga aiko da umarni daga sama ba. A cikin Yesu ya sauko inda mutane suke, ya ɗauki nauyinsu har kan gicciye, ya kuma tashi. Mai bi yana dogara ne ga wanda ya riga ya bi hanyar, sauka da hawa.

Abu na uku: sanin cewa keji na da ƙarfi dabam ne da shiga cikinsa. Mutum zai iya tsayawa gefe yana yaba ingancin igiya har ya mutu a ramin. Wanda ya shiga kuwa, an rufe shi a wuri mai ƙunci, hannuwansa ba su da abin yi, wani ne ke murɗa injin daga sama. Wannan sakin jiki shi ne Littafi Mai Tsarki ke kira bangaskiya, kuma ya fi wuya ga mai ilimi da mai muƙami, waɗanda suka saba a dogara gare su.

To, ina matsayin ƙoƙari? Wannan muhawara tsohuwa ce, kuma a Afirka aka yi zafinta. Ogustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste cikin Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da Felajiyus, mai cewa mutum na iya cika dokar Allah da ikon nufinsa. Taron shugabannin ikkilisiya na Kartaj a 418 ya goyi bayan cewa alheri ne ke fara aiki. Amma a duba abin da mahaƙan suka yi bayan an gano su. Yayin da ake faɗaɗa ramin ceto, tsakuwa da ɓaraguzai suna ta zubowa ƙasa. Su ne suka raba kansu rukuni-rukuni suna kwashewa dare da rana. Sun kiyaye tsabta, sun motsa jiki don su iya shiga kejin, ɗaya daga cikinsu, Hose Henrikez, yana jagorantar addu'a kullum. Aikinsu bai huda dutsen ba, amma sanin cewa ana zuwa ne ya ba aikin ma'ana. Haka sura ta 2 ta wasiƙar Afisawa ta jera abubuwan: ceto kyauta ne, ayyukan kirki kuma su ne abin da aka ceci mutum domin ya yi. Wasiƙar Yaƙub ta ƙara da cewa bangaskiyar da ba ta haifar da aiki matacciya ce.

Kowane misali yana da iyaka, kuma wajibi ne in faɗi iyakar wannan. Mahaƙan ba su ne suka rufta dutsen ba, alhali mai zunubi yana da hannu a ramin da ya faɗa. Shi ya sa ba a raba bangaskiya da tuba. Haka kuma, kada labarin ceto ya rufe mana ido ga tsanin da ba a kammala ba. A 2013 masu shigar da ƙara na Shili suka rufe binciken ba tare da tuhumar kowa ba. Mu ma nan, a watan Nuwamba na 2021, ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu, ba keji ba igiya. Duk wanda ya fake da dogaro ga Allah ya yi sakaci da ran ma'aikaci, ya ci amanar addininsa, ko wanne ne.

Na san abokin aikina, da yawancin masu karanta wannan shafi, suna da wata fahimta: cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani, kuma bawa yana komawa ga Ubangijinsa kai tsaye da tuba, yana fatan rahama. Bambancin na gaske ne, ba zan shafe shi don neman daɗin baki ba. Amma ina ganin mun haɗu a kan cewa ba wanda zai tsaya gaban Allah yana tinƙaho da aikinsa.

Game da mutunci kuwa, ga amsar da na makara ban ba shi ba. Ƙasa guda ta tsayar da harkokinta, aka kawo injuna da masana daga ƙasashe dabam-dabam, saboda leburori 33 da a da ba wanda ya san sunansu. Darajarsu ta bayyana ne a yawan abin da aka kashe don a fid da su. Wanda ya gane cewa jawo shi aka yi, ba zai raina ɗalibin da ke ƙasa ba. Zai fi kowa haƙurin riƙe masa igiya. Allah ya sa mu zama irin waɗannan malamai.