Wa Zai Tsare Zuciyar Mai Tsaro?

Duk wanda ya zauna a Dogo Nini, ko wata unguwa ta garin Potiskum, a shekarun tashin hankali, ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar firgici. A watan Yulin 2009 'yan Boko Haram suka far wa ofishin 'yan sanda na garin. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka yi kisan gilla a kasuwar shanu. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014 kuma, bam ya tashi a tsakiyar ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya, sama da 40 suka rasu.

A irin waɗannan ranaku mu gudu muke yi, mu kulle ƙofa. Ɗan sanda kuwa can ake tura shi, ya taya kwashe gawawwaki, washegari ya koma bakin aiki da bindiga a kafaɗa. Shin yana da haƙƙi a kanmu na a kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa da dukiyar al'umma?

Wani zai ce a'a, kuma da hujjarsa. Talakan da aka taɓa tatsa a shingen hanya, ko aka mara ba gaira ba dalili, zai ce marayu da zawarawa sun fi cancanta. Ba mu raina wannan magana ba, amma muna da amsa biyu. Ta farko, mu muka aike shi, wanda kuwa ya aiki mutum cikin wuta, jinyar ƙunar a wuyansa take. Ta biyu, mutumin da barci ya ƙaurace masa, wanda fashewar taya ke zaburar da shi, in ya riƙe bindiga haɗari ne ga ɗan kasuwa da ɗan makaranta. Jinyarsa kariya ce gare mu, kuma ba ta kankare masa laifi: in ya yi zalunci, hukunci na nan.

Ta fuskar doka an ɗan taɓuka. A 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wanda jin daɗin ma'aikata ke cikin manufofinsa. A Janairun 2023 aka sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ya fi kilomita 200 daga Potiskum, ga kuma tsoron kada a kira mutum rago ko mai taɓin hankali.

Saboda haka muke ganin ya kamata a ware kuɗi, a horar da wasu daga cikin 'yan sandan kansu, su riƙa sauraren abokan aikinsu cikin sirri, su gane alamun ciwo, su miƙa mai tsanani ga likita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kurtu ya fi sakin jiki da wanda suka kwana a shinge ɗaya. Motocin sintiri muna ganinsu, shi ya sa ake saurin sayensu. Wannan aiki ba ya ganuwa, amma ladansa da amfaninsa ba su gaza na mota ba.